Lamba Ɗaya

Gab da magariba shugaban sashe ya miƙa wa Dogo bakanike makulli. Ana son a baje kolin motar farko da aka haɗa a gida domin aikin gwamnati a daji, wadda ma'aikata ke kira Lamba Ɗaya. Tun jiya Dogo ya sa mata batir da sababbin tayoyi, saura ya ɗauko ta daga tsohon garejin da ke bayan gari.

Tana ƙarshen rumfa, koriya, mai doguwar ƙafa, fentinta duk ya ɓaɓɓare. Tsohon maigadi ya tare shi.

"Ɗana, ka bari sai da safe."

"Baba, Oga ya ce yau."

"Ni na tuƙa ta kafin idona ya yi rauni. Masu awon ƙasa suka fara aiki da ita, sai 'yan gandun daji, sai likitocin dabbobi. Shekarar da annoba ta faɗa wa shanu, da ita muke kwasar mushe muna zubarwa a wani kwazazzabo. Ranar ƙarshe na sauke kaya tas, amma ta dawo da nauyinta." Ya rage murya. "Mai cin mushen ne ya biyo mu."

Dogo ya yi dariya. "To ya biya kuɗin mota, Baba."

Bugu ɗaya ta tashi. Ya hau hanyar burji, ba gida gaba, ba gida baya.

Wari ne ya fara zuwa. Ya zaci mataccen ɓera ne a ƙarƙashin kujera, ya sauke gilashi. Warin ya ƙara kauri, irin na kwatar da aka kwana uku ba a wanke ba. Yawu ya cika masa baki.

Wani koren ƙuda ya sauka a leɓensa. Sai na biyu. Sitiyari ya fara yauƙi a tafin hannunsa.

Daga baya ya ji tauna. A hankali, caɓal, caɓal, sai ƙarar guringuntsi.

Ya ɗaga ido ya dubi madubi.

Abin yana tsugune a bayan kujerarsa. Fatarsa toka-toka, a jiƙe, kamar tumbin saniya. Ba shi da leɓe. Tsutsotsi na zubowa daga tsakanin haƙoransa, yana tarewa da hannu yana mayarwa.

"Direba," ya raɗa. "Yaushe za a yi lodi?"

Dogo ya taka birki. Ƙafarsa ta nutse cikin wani abu mai laushi.

Wani harshe mai sanyi ya lashi wuyansa, daga kafaɗa har bayan kunne.

"Kai namanka bai nuna ba tukuna," in ji abin.

Amai ya ƙwace masa. Ya ja mariƙin ƙofa, hannunsa ya zame. Ya sake ja. Ya ambaci sunan Allah, ya banke ta da kafaɗa, ya faɗo kan tsakuwa.

Motar ba ta tsaya ba. Ta saki hanya, ta kutsa daji.

Da safe aka same ta jingine da wata bishiya, cikinta fes. Dogo ya ajiye aiki a satin. Ko ƙamshin nama ya ji sai ya bar wurin. Sau huɗu yake wanka a rana, amma matarsa takan kau da kai ta ce, "Baban yara, a ƙara sabulu a wuyan nan."

Watan jiya ungulu biyu suka fara sauka a kan rufin ɗakinsa. Yanzu sun zama bakwai.