Gurbi Sittin a Minti Ashirin

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na gare ki.

To, wannan sata dai ba a fasa ƙofa ba, ba a ɗauki ko tsinke ba, amma ta sa iyaye mata kuka a bakin get.

Wata Litinin da hantsi aka buga wa Sufeton 'yan sanda waya daga makarantar koyon ungozoma, aka ce ya zo an yi sata. Ya tambayi abin da aka ɗauka, aka ce gurbi sittin. Shi kuwa mutum ne mai saurin hawa, har ya fara faɗa a kan ana masa wasa da aiki, sai da aka yi masa bayani.

Kowace shekara makarantar tana ɗaukar 'yan mata sittin kyauta. Ƙarfe tara na safe ake buɗe fom a shafin intanet, duk wadda takardunta suka cika kuma ta riga cikewa, ta samu. Bana cikin minti ashirin gurbin ya ƙare, kuma 'yan birni ne suka kwashe duka. Ko yarinya ɗaya daga ƙauye ba ta samu ba.

A bakin get Sufeto ya tarar da iyaye cirko-cirko. Wata mata ta tare shi, ta ce ita da 'yarta tun da sassafe suka hau tudu inda waya ke kamawa, shafin ya yi ta juyawa kamar dutsen niƙa, ya ƙi buɗewa. Da ya buɗe, sai ya ce an rufe.

Sufeto ya wuce yana tuna gida. Ƙauyensu babu ungozoma. Ƙanwarsa a bayan mota ta haihu a kan hanyar asibiti, kuma jaririn bai zo da rai ba.

A ciki ya sami Shugabar makaranta ta tsare wata matashiya a ofis. Ita ce ke kula da kwamfutocin makarantar, kowa Injiniya yake ce mata.

"Ga ɓarauniyar nan, ranka ya daɗe," in ji Shugaba. "Da sunanta aka shiga na'urar da ke riƙe da fom ɗin. Ka tafi da ita kafin mutanen nan su karya mini get."

"Ranki ya daɗe, ke kika yi binciken, ke kika yanke hukunci. Ni me kika kira ni in yi, ɗaukar kaya?"



Sufeto ya sa Injiniya ta kai shi wurin na'urar. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne mai sanyi kamar randa, ga wata kwamfuta tana ta gurnani a kusurwa. Ita ce uwar garke, wadda ke riƙe da shafin makarantar tana aika wa duk wayar da ta nema.

Ya ce ta yi masa bayani irin wanda za ta yi wa kakarta. Ta ce shafin fom kamar buhun auduga yake, girma da yawa. Idan aka aika shi haka, mai waya mai ƙarfi a birni zai karɓa nan take, amma ta ƙauye sai ta shaƙe. Shi ya sa ake umartar uwar garke ta danne audugar ta ɗaure tamau kafin ta aika, wayar mutum kuma ta kwance da kanta. Da ta zo aiki shekara uku da suka wuce ta gyara wannan ɗaurin, kayan ya ragu ninki takwas. Tun daga nan rabin gurbin 'yan ƙauye ke samu.

"Yau kuma fa?"

"Yau wani ya kwance ɗaurin, Yallaɓai. Tara saura minti biyar ya kwance, tara da minti ashirin da biyar ya mayar."

Ta buɗe fayil ɗin da ake rubuta wa na'urar umarni don ta nuna masa. Sai ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Wannan ba nawa ba ne."

Ta ce nata layi goma sha biyu ne, wannan kuwa uku. Sannan ƙarfin matsewa yana da mataki daga ɗaya zuwa tara. Ita biyar take sawa, don tara yana gajiyar da na'ura a banza, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan an sa tara. Irin fayil ɗin da ta tarar ne lokacin da ta kama aiki, kuma ta goge shi tun a lokacin.

Sufeto ya rubuta tara a littafinsa, ya zagaye. Ya tambaye ta inda take ƙarfe tara. Ta ce tana ofishinta, ba ta motsa ba. Ya lura da ta faɗi haka ƙasa take kallo.

A baranda ya sami mai shara, wata dattijuwa mai son hira kamar ni. Bai gama gaishe ta ba ta zazzage masa komai, har da ciwon gwiwarta. A cikin zancen ta ce ta ga Injiniya ta fita a guje wajen takwas da rabi, mayafi a hannu, ba ta dawo ba sai kusan goma.

Sufeto ya koma kamar zai tashi sama.

"Ni kike wa ƙarya? Ina ƙoƙarin cire miki wuya daga igiya, kina mayarwa?"

Injiniya ta fashe da kuka. Ta ce daga makarantar renon yara aka kira ta, ɗanta ya suma da zazzaɓi. Ta ji tsoron a ce ta bar aiki ranar fom. Ta ciro katin asibiti daga jaka, ga lokaci a rubuce, tara da minti biyar.

"Wannan katin da kike ɓoyewa shi ne ya wanke ki, ƙanwata," in ji shi, muryarsa ta ɗan sauko. "Wa ya ga fitarki?"

Ta ce ta leƙa ta shaida wa Magatakardan makarantar, ya ce ta tafi kawai, shi zai rufa mata asiri.

"Kalmar sirrinki fa, wa ya sani?"

Ta ce babu kowa. Sai dai dokar makaranta ce a rubuta a sa a ambulan, a liƙe, a ajiye a akwatin ƙarfe na ofishin Shugaba saboda ɓacin rana.

Aka buɗe akwatin. Ambulan ɗin yana nan a liƙe, Shugaba har ta fara cewa ka gani ko. Sufeto ya danna bakinsa da babban yatsa, gam ya manne masa a hannu. Ambulan na shekara uku, gam ɗinsa bai bushe ba.

Ya tambayi masu riƙe da makullin. Shugaba ta ce ita ce, sai Magatakarda. Amma ta rantse ba shi ba ne, shekara ashirin da biyu yana aiki, ko biro bai taɓa ɗauka ba. Shi ne ma ya kafa uwar garken da hannunsa, kafin a ƙara masa girma a kawo wannan yarinyar.

Kafin ya je wurinsa, Sufeto ya sa Injiniya ta duba masa daga ina fom na farko ya shigo. Ta duba ta sake dubawa. Daga layin intanet na makarantar ne da kansa, tara da minti ɗaya. Sunan mahaifin yarinyar da ta cike shi kuwa kowa a ginin ya san shi.

Magatakarda dattijo ne mai tsabta, gilashi a kan hanci, tarin makullai a gefen tebur. Ya tarbi Sufeto da fara'a, ya ce abin ya yi masa ciwo, Injiniya tana da ƙoƙari amma yaran yanzu sai a hankali. Ya ce rabonsa da ɗakin na'ura shekara uku, yanzu ko kunna ta aka ce ya yi ba zai iya ba.

Sufeto ji yake kamar ya kife teburin, amma ya danne. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya yi kamar mai neman shawara.

"Malam, ni ban san kan abin nan ba. Na kira wani masani, ya ce duk wanda ya rubuta fayil ɗin da ke kan na'urar jahili ne. Wai ya sa tara. Ya ce mai sa tara ko gyaran rediyo bai kamata a ba shi ba."

Fara'ar Magatakarda ta ɗauke.

"Wane masani ne wannan?"

"Wani yaro ne, ya ce aikin 'yan koyo ne."

"Shi ne ɗan koyo. Tara shi ne matsewa ta gaskiya. Shekara goma sha ɗaya na'urar nan tana kan tara ba ta taɓa tari ba. Layi uku sun isa, ba sai an cika fayil da layi goma sha biyu kamar wasiƙar ƙorafi ba."

Sufeto ya naɗe ƙafarsa a hankali.

"Wa ya ce maka sha biyu ne?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Shekara uku ba ka shiga ɗakin ba. Ni ban ce uku ba, ban ce sha biyu ba. Miƙo makullan nan."

A jikin makullan akwai wani tsohon filashi, ɗan abin adana fayil, fentinsa duk ya goge. Aka kira Injiniya da Shugaba, aka sa shi a kwamfuta. Ga fayil nan, layi uku, mataki tara, ko ɗigo bai bambanta da wanda ke kan uwar garke ba.

Magatakarda ya cire gilashinsa ya ajiye. Ya ce saboda 'yarsa ya yi. Sau biyu tana nema tana rasawa, tun da aka sauƙaƙa shafin 'yan ƙauye ke rige ta. Uwarta ta hana shi sakat a gida, kullum sai ta ce yana cikin makaranta amma 'yarsa na waje. Da Injiniya ta ce za ta fita, sai zuciya ta raya masa. Ya zaunar da 'yar a ofishinsa, ya ɗauko ambulan, ya shiga ya goge layukan nan duka.

Ya ce ya ɗauka zai iya mayar da su da ka, kamar yadda yake yi a zamaninsa. Da ya zo mayarwa sai ya ga ko rabi bai riƙe ba, irin na yanzu ne, bai san su ba. Hankalinsa ya tashi, ya tuna da nasa na da da ke jikin makulli, ya ɗora.

"Gurbi ɗaya kawai nake so," in ji shi. "Minti kaɗan ne. Ban yi nufin cutar da kowa ba."

A nan ne Sufeto ya saki abin da yake dannewa tun safe. Ya buga tebur har makullan suka yi tsalle.

"Gurbi ɗaya? Don 'yarka ta shiga ka rufe ƙofa a fuskar kowace yarinya da ke tsaye a kan tudu. Ka san me gurbi ɗaya yake nufi a garin da babu ungozoma? Ni na sani, na haƙa kabarin da hannuna. Sannan ka zauna a nan da gilashinka kana kallo za a sa wa uwar yaro marar lafiya ankwa, kai da ka ce za ka rufa mata asiri."



Sufeto ya juya kan Shugaba, ya ce ita ma saura ƙiris ta aika marar laifi gidan yari don kawai get ɗinta ya huta. Ya ce ba shi za ta ba haƙuri ba, ga wadda za ta ba nan. Shugaba ta kama hannun Injiniya, ta ba ta haƙuri.

Aka fito da Magatakarda ta gaban iyayen nan. Matar da ta hau tudu ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta ja tsaki, ta kau da kai.

Injiniya kuwa ko ruwa ba ta sha ba ta koma ɗakin sanyi, ta sake rubuta layukanta goma sha biyu, ta mayar da biyar inda yake. Sufeto ya karɓi tsohuwar wayar matar nan ya gwada da kansa a bakin get. Kafin ya ƙifta ido shafin ya buɗe.

An soke fom ɗin ranar, aka sake buɗewa bayan mako guda, 'yan ƙauye talatin da huɗu suka samu, har da 'yar matar kan tudu. Magatakarda ya rasa aikinsa, kotu ta ɗaure shi. 'Yarsa, da aka tabbatar ba ta san abin da uban ya yi ba, an bar ta ta sake nema, ba ta samu ba, ta koma koyon haɗa magunguna. Shugaba ta canja makullin akwati ta riƙe ita kaɗai. Ɗan Injiniya ya warke, uwarsa tana nan a bakin aikinta. Mai shara har yau tana ba da labarin, tana cewa ita ta kama ɓarawon. Sufeto kuwa ya koma ofis, kuma bai rage faɗa ba ko kaɗan.