Wanda Ke Tsaye a Gefen Hoto

Ƙarar mukulli ta fara ji a bayanta.

Auta na durƙushe a lungun falon, idonta a kan kyamara, tana daidaita bango kada ya fito a karkace. Gidan fayau yake, ko kujera babu, sai warin sabon fenti. Da ta waiga, sai ga Dillali ya jingina da ƙofa yana zura mukullin a aljihu.

"Yallaɓai, ƙofar fa?"

"Iska ke kaɗa ta," in ji shi.

Alhali ko ganye ba ya motsi ranar.

Ya fara takowa a hankali, yana cewa ya gaji da haƙuri, shi da ya ba ta aiki, me ta gani a jikin wanda ke wuni cikin tarkace? Ta yunƙura za ta miƙe. Yatsanta ya danna kyamarar ba da niyya ba, ƙyas!

Sai ya tsaya cak.

Ba ita yake kallo ba. Tagar da ke can gefen falon ya ƙura wa ido, bakinsa a buɗe. Ya lalubo mukullin, ya suɓuce masa ya faɗi, ya ɗauka, ya buɗe ƙofar da ƙyar. Tana jin takunsa yana haɗa matakala bibbiyu.

Ta dubi tagar. Babu kowa. Wa ma zai tsaya a can? A saman bene suke, hawa na uku, babu baranda.

Ta duba hoton da yatsanta ya ɗauka. Ga Dillali a tsakiya. Can kuma a bakin hoton, cikin tagar, ga abin nan ya sake fitowa: dogo, siriri, kansa a miƙe kamar an ja shi, ya karkato yana leƙe.

To, bari a koma baya kaɗan, don ba ranar abin ya fara ba.

Auta hoton gidajen haya take ɗauka, Dillali ya nuna wa masu nema. Da farko ɗakunan fitowa suke a matse kamar akwati, har ranar da ta kai kyamararta shagon Mai Gyara. Saurayi ne marar hayaniya, kullum da madubin duba ƙananan kusoshi manne a ido ɗaya. Ya saurari kukanta, ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani ɗan gilashin kyamara da bai wuce murfin kwalbar man shafawa ba. Ya ce wannan idonsa faɗi gare shi, daga lungu ɗaya zai haɗiye ɗaki duka. Ta ɗaura, ta leƙa, sai ga shagon nan mai kamar kejin kaji ya zama fili. Ta yi dariya, shi ma ya yi. Daga nan kyamara ta riƙa samun ciwo duk mako, ciwon da babu mai ganinsa sai su biyu.

Tana ce masa Injiniya don tsokana. Shi kuwa Haskena yake ce mata, can ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada tarkacen shagon su ji.

Baba ne ya ƙi. Tela ne, shekarun da ya yi a kan keken ɗinki sun sauke masa kafaɗar hagu, tef ɗin awo kuwa ba ya barin wuyansa ko abinci yake ci. Ya ce 'yarsa ba za ta riƙa shiga gidajen da babu kowa ba, kuma yaron da ya ƙara mata ƙarfin gwiwa kada ya tako masa ƙofa. Da ta ci gaba da aikin, sai ya ɗauke mata magana. Ta gaishe shi, ya ɗaga kai kawai. Umma kuma kullum cikin mita take, wai Baba ya koyi rufe shago da rana tsaka, masu ɗinki na ta sintiri.

A wannan tsakanin abin ya fara fitowa a hotuna. Yau a bakin taga, gobe ta tsagar ƙofar gida, jibi a madubin wadirof. Kullum a can gefe, kullum dogo. Ita kuwa in tana aiki tsakiyar hoto take kallo, sai ta koma gida take ganinsa.

Dillali ya gani, ya yi dariya ya ce datti ne. Amma da yamma sai ga shi a gidansu da hotunan a waya, fuska a murtuke. Ya gaya wa Umma da Gwaggo cewa gilashin na mamaci ne, kuma irin yaran nan ba sa ba mace kyauta haka kawai, sai sun haɗa ta da wani abu. Ana haka zazzaɓi ya kwantar da Baba, har sai an riƙe shi yake zagawa. Gwaggo ta tafa hannu ta ce ai ga shi nan, abin ya fara cin gida.

Auta ta daina ɗaga wayar Mai Gyara. Ba don ta yarda ba... amma kuma ba ta ƙaryata ba.

Ranar nan da ta sauko daga benen, ba gida ta nufa ba. Shagonsa ta faɗa, ta kwance gilashin ta dire masa a tebur.

"Me ka ba ni?"

Ya zare madubin daga idonsa. Ya rame, ta lura, sai zuciyarta ta karye.

"Haskena... ke ma?"

"Na mamaci ne?"

Ya ce mai yiwuwa, rabin kayan shagon nan masu su sun riga mu gidan gaskiya, kuma bai taɓa jin ɗaya ya dawo karɓar nasa ba. Ba ta yi dariya ba. Sai ya tura mata kujera, ya karɓi katin kyamarar ya sa a kwamfuta.

Ya daɗe yana kallon tsofaffin hotunan. Sannan ya ce mata gilashin nan hali biyu gare shi. Na farko, wanda ya raɓe a gefe yana ganin ya tsira, to yana ciki. Na biyu, duk abin da ya faɗo bakin hoto sai ya ja shi ya miƙar, gajere ya koma zanƙalele. Ya yanko gefen hoto ɗaya, ya matse tsawon a hankali, ya ƙara haske.

Dogon kan ya sauko, ya zama hula.

Karkacewar ta zama kafaɗa, ta hagu.

Wani farin zare da ke lilo a ƙirji ya zama tef ɗin awo.

Auta ta toshe baki da mayafi. Hoto bayan hoto, shi ne. Baba a bayan taga, Baba a bakin ƙofa riƙe da tsohon kekensa na hawa, Baba cikin rana yana gadin 'yar da ya ƙi yi wa magana. Ta yi kuka har da shessheƙa, Mai Gyara ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya miƙa mata tsumman goge gilashi.

"Saura na yau," ta ce.

Ya buɗe. Ya ga Dillali, ya ga ƙofa a rufe, muƙamuƙinsa ya motsa. Ya matse gefen. Hula, kafaɗa, tef, da tafin hannu manne a jikin tagar.

"Ai shi ne," ya ce.

"Injiniya... hawa na uku ne. Kuma Baba ko zama ba ya iya yi."

Agogunan da aka kawo gyara na ta bugawa, kowanne da nasa lokacin. Ya miƙe ya ja ƙofar shago, ya ce ta zo su je wurin Baba.

Gwaggo ce ta tare su a ƙofar ɗaki, tana cewa wallahi ba da ita za a shigo da masifa ba. Umma na bayanta, ido jajur. Sai murya ta fito daga ciki, a dishe.

"Ku bar su."

Baba na kwance, jiƙe da gumi. Ya dubi Auta, maganarsa ta farko gare ta bayan watanni.

"Ya buɗe ƙofar?"

Ta zauna a gefen gadon. Umma ta ce ai tun azahar barci yake, sai dai can wajen la'asar ya riƙa bubbuga bango da tafin hannu, suka yi ta tashinsa ya ƙi tashi. Baba kuwa bai ƙara cewa komai a kan wannan ba, ranar ko bayanta.

Ya juya ga Mai Gyara.

"Kai ne mai ido ɗayan?"

"Ni ne, Baba."

"Gilashinka ya tona min asiri ko?"

"Ya tona, Baba."

Tsohon ya yi dariyar da ta ƙare da tari. Ya ce ƙafafunsa sun gaji da bin yarinyar nan, taurin kai kuwa a wurinsa ta gada, ba za ta daina ba. Ya tambaya, ina mutum ke tsayawa in ba ya so ya fito a hoto? Mai Gyara ya ce a bayan mai ɗauka.

"To kai ban da baya," in ji Baba. "Ka tsaya a gefenta, ka fito sosai. Kowa ya gan ka."

Dillali bai sake kiranta ba, an ce ma ya daina hawa bene shi kaɗai. Baba ya samu sauƙi har ya ɗinka mata rigar aure da hannunsa, yana awo yana faɗa wai ta rame. Bai ga zagayowar shekara ba, Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga nan duk hoton da Auta ta ɗauka, gefe take fara dubawa. Bango kawai take gani, da labule.

Sai ranar da ta ɗauki mijinta rungume da jaririyarsu, a ɗakinsu, ƙofa a rufe, rana na shigowa ta taga. Ta duba hoton, sai ga dogon nan a can gefe, tef a wuya, ya karkato wajen jaririyar. Ta miƙa wa mijin. Ya kalla, ya ɗago.

"In yanke gefen, Haskena?"

"Bar shi," ta ce. "Awo ya zo yi mata."