Kuncin Hagu na Jin-mo

Tit-tit-tit-tit! Ƙofa ta buɗe kanta.

Bo-rim na tsaye a kicin, waya maƙale a kunne, tana dariya da yayanta, sai ta ji an danna lambobin ƙofar gidan. Ba sai ta waiwaya ba. A duk faɗin birnin Busan mutum ɗaya ce ke shigo musu ba sallama ba ƙararrawa: Uwargida Pyo, mahaifiyar mijinta, wadda ta karɓi lambar ƙofar tun ranar da suka tare, wai don ta riƙa kawo wa ɗanta kimchi, kabejin nan mai yaji da ake tsimawa.

"Yaya, sai an jima," Bo-rim ta faɗa da sauri, ta kife wayar. Ta rusuna. "Mama, sannu da zuwa."

"Ci gaba mana! Don me kika katse? Ko ba ki gama ba shi rahoton ba ne?"

"Wane rahoto, Mama? Maganar ciwon gwiwar Babanmu muke yi."

"Gwiwa! Tabɗi! Lallai gwiwar nan tana da abin dariya."

Uwargida Pyo ta dire ƙunshin abincin a tebur da ƙarfi, ta bi ɗakin da kallo kamar mai neman inda ɓera ya shige.

Ga abin da ya kawo wannan tsiya. Mijin Bo-rim, Ok Jin-mo, majefi ne a ƙungiyar besbol ta garin. Shi ke hawa tudun tsakiyar fili ya jefa ƙwallo, mai gora na ƙungiyar hamayya ya yi ƙoƙarin dukanta. Abin da ya yi masa suna shi ne jifan yaudara: ƙwallon za ta taho ɗoɗar, mai gora ya kai duka da dukkan ƙarfinsa, sai ta sulale ƙasa a gabansa ya daki iska. Da wannan jifan ya sayi gida, da shi ya yi aure. To matar da ya aura kuwa ƙanwar Na Sang-gu ce, babban mai gora na ƙungiyar garin Gwangju. Kuma tun da aka yi bikin nan, duk ranar da Jin-mo ya haɗu da 'yan Gwangju sai sun yi masa kaca-kaca. In ya yi na yaudara su tsaya ƙiƙam su ƙi kai duka. In ya yi na kai-tsaye su aika ƙwallon can cikin 'yan kallo. Sauran ƙungiyoyi har gobe suna dukan iska, su kaɗai ne ba sa ruɗuwa. Koci ya fara maganar mayar da shi ƙaramar ƙungiya. 'Yan goyon baya kuwa, bakinsu ba linzami, sun cika intanet da cewa asirin yana fita ne ta kan matashin kai.

Ana cikin haka Jin-mo ya fito daga wanka, tawul a wuya. Uwar ba ta bari ya zauna ba.

"Na same ta tana waya da shi. Kuma tana ganina ta katse!"

"Mama, don Allah..."

"Ka yi min shiru! Tun kana firamare nake soya kifi a kasuwa ina saya maka safar hannu. Ba zan zuba ido 'yar Gwangju ta kwashe wahalata ta kai wa gidansu ba. Ta tattara ta koma wurin iyayenta har a gama kakar wasa. In ka ci gaba da shan kashi, to ba ita ba ce. In kuwa ka farfaɗo, ta yi zamanta can gaba ɗaya."

Ta saka takalmi ta fice, ƙofa ta rufe da 'yar waƙarta.

Bo-rim ta dubi mijinta, idonta ya kawo ruwa. Zagin intanet bai dame ta ba, faɗan suruka ma ta saba. Abu ɗaya take so ta ji.

"Yobo, mijina, dube ni. Kai ma kana zargina?"

"Haba dai! Ni? Ko a mafarki."

Ya faɗa da murmushi. Amma kafin ya faɗa, harshensa ya tokare kuncinsa na hagu, kuncin ya ɗan kumbura ya koma.

Allah sarki Bo-rim! Ta san wannan kuncin. Shi ya kumbura ranar da ya ɓoye zobe a aljihu ya ce mata iska kawai za su sha a bakin teku. Shi ke kumbura in ta ƙona shinkafa ya ce ta yi daɗi. Da can abin dariya yake ba ta. Yau ji ta yi kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta juya ta hau jera masa abinci, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

Daga ranar gidan ya zama wani iri. In abokin aikinsa ya kira, Jin-mo ya fita baranda ya ja ƙofar gilas. In ta tambaye shi yadda atisaye ya kasance, ya ce "Lafiya lau" ya ƙara wa talabijin murya. Ita ma sai ta fara lura da shi kamar yadda yake lura da ita. In ya taɓa wayarta don duba lokaci, gabanta ya faɗi. Mutum biyu masu son juna, kowa na satar kallon kowa ta gefen ido!

Ta kira yayanta ta roƙe shi har da kuka.

"Yaya, aurena zai mutu. Ka gaya min yadda kuke ganewa."

"Ke Bo-rim, ni ma fa abincina ne. In na faɗa miki na ci amanar abokan wasana. A gida surukina ne, in zuba masa giya da hannuna. A fili kuwa ban san shi ba. Kuma in har mijinki zai zarge ki a kan wannan, ki dawo gida, ɗakinki na nan."

Ta kashe wayar tana jin haushin su duka biyun.

Bikin Chuseok na girbi da tunawa da kakanni ya zo, kuma kamar da gayya aka sa wasa da Gwangju da rana tsaka, Jin-mo ne zai yi jifa. Bo-rim na gidan surukarta tun safe, zaune a ƙasa gaban kaskon lantarki tana soya wainar kabewa da ta kifi na teburin da ake jera wa kakannin da suka rasu abinci. Bayanta ya ƙage, gashinta duk ƙaurin mai. Uwargida Pyo na kan kujera gaban talabijin, ta ƙanƙame matashi.

Mai kyamara ya kawo fuskar Jin-mo kusa. Ya dubi mai cafke masa ƙwallo, ya gyaɗa kai, ya cusa hannu cikin safa. Sai kuncin hagu ya ɗan kumbura.

Bo-rim ta tsaya da cokali a sama. Ƙwallon ta taho, ta sulale ƙasa. Mai gora ko motsi bai yi ba.

Jifa na gaba, kunci lafiya lau.

"Kai-tsaye," ta faɗa a hankali. Kai-tsaye kuwa aka yi.

Na gaba kuma kunci ya tashi.

"Na yaudara ne! Wayyo, na yaudara ne!"

Haka ta yi ta faɗa, bakinta na riga hannunsa, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Murna ta sa ta manta inda take. Ashe mijinta ko ƙwallo ba ya iya yi wa ƙarya sai kuncinsa ya tona shi! Ta juyo don ta yi wa surukarta albishir, sai ta tarar matar ta miƙe tsaye, fuskarta ta yi fari fat.

"Ashe haka ne."

"Mama, bari in nuna miki..."

"Kin riga kin nuna min! Kin san kowane jifa tun bai bar hannunsa ba! Ni za ki mayar mahaukaciya? Munafuka! Kin zauna kina soya wa kakanninsa abinci da hannun da kike yanka shi!"

A talabijin kuwa Sang-gu ya narka wa ƙwallon gora, ta haye katanga. Koci ya fito ya karɓe ƙwallo daga hannun Jin-mo, ya cire shi daga wasan. Wainar da ke kasko ta ƙone ƙurmus.

A lokacin ne wani abu ya faɗo wa Bo-rim a rai, wani zama da aka taɓa yi a gidan abinci kafin biki. Ta buɗe baki, ta dubi furfurar matar da hannayenta masu tabon mai, sai ta rufe. Ta kankare kaskon ta ci gaba da suya, ana zaginta.

Kafin rana ta faɗi Jin-mo ya shigo, kafaɗarsa ɗaure da ƙanƙara. Ya tarar an ajiye jakar matarsa a bakin ƙofa. Uwarsa ta zayyana masa komai, tana yi tana dukan ƙirji. Ya juya wurin Bo-rim.

"Gaskiya ne? Ta yaya kika sani?"

"A fuskarka na gani. Duk sanda za ka yi jifan yaudara sai ka tokare kuncinka na hagu da harshe. Yau na lura." Ta haɗiye kuka. "Haka ma ka yi ranar da ka ce min ba ka zargina."

Jin-mo ya kai hannu kuncinsa. Kunya ta rufe shi, ya kasa haɗa ido da ita.

"To ai ga shi nan!" Uwargida Pyo ta tafa hannu. "Wannan halin ba wanda ya san shi sai ni da na haife shi, sai ke da ke kwana da shi. Wa ya kai wa yayanki in ba ke ba?"

Bo-rim ta sunkuyar da kai. Amsar na bakinta, ta ƙi faɗa.

Jin-mo ne ya ɗago a hankali.

"Mama... ranar da kuka fara haɗuwa da iyayenta. A gidan abincin nan na bakin ruwa."

"Me ya faru a ranar?"

"Kina yabona. Kika ce ɗanki bai iya ƙarya ba, tun yana yaro in zai yi wayo sai kuncinsa ya kumbura. Har kika kwaikwaya kowa ya yi dariya. Sang-gu ya matso ya cika miki kofi, ya ce, 'Wanne kuncin, Mama, dama ko hagu?'"

Uwargida Pyo ta ɗaga hannu kamar za ta musa, hannun ya tsaya a kan nata kuncin na hagu. Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ni ce... Wayyo ni! Da bakina!" Ta dubi Bo-rim. "Ke ma kina wurin. Kin tuna?"

"Na tuna ɗazu, Mama."

"Kika bar ni ina ta zaginki?"

"Son ɗanki ne ya sa kika faɗa. Ban ga yadda zan jefe ki da shi a ranar biki ba."

Matar da ba a taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka binne mijinta, ta fashe da kuka. Ta rarrafa ta janyo jakar daga bakin ƙofa ta rungume ta. Jin-mo kuwa ya durƙusa gwiwa biyu a gaban matarsa.

"Na zarge ki, Bo-rim. Na yi miki ƙarya kuma. Ki yafe min. Ba zan ƙara ba."

Bo-rim ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske, ta ƙura wa kuncin ido. Shafe yake lau.

"To, wannan karon na yarda," ta ce, tana kuka tana dariya.

A haɗuwarsu ta gaba da Gwangju, Sang-gu ya shigo da gorarsa yana taƙama. Jin-mo ya kumbura kunci sosai da gangan, Sang-gu ya saki jiki yana jiran ƙwallo ta faɗi ƙasa, sai ga ta kai-tsaye kamar harsashi. Alƙalin wasa ya daka tsawa cewa an fitar da shi, Sang-gu ya koma benci yana girgiza kai. Da yamma ya kira ƙanwarsa: "Maciya amana! Ke da ni uwa ɗaya uba ɗaya!" Ta ce, "A gida yayana ne kai. A fili ban san ka ba."

Zargi mugun abu ne. Shi ke sa mutum ya binciki aljihun kowa ya manta da nasa, kuma wanda ya fi kusa da kai shi ya fi shan zafinsa. Da Bo-rim ta yi zuciya ta ɗauki jakarta, da aure ya tafi, da jifan ma ya bi shi. Haƙurinta da kawaicinta su suka tsare gidan.

Washegari da safe tana yanka albasa, sai ta ji wani sauti da ta manta gidan yana da shi. Ƙararrawar ƙofa. Ta buɗe, ga Uwargida Pyo tsaye da ƙunshin kimchi, tana kallon ƙasa.

"'Yata, in shigo?"