Ƙofar da Ke Jikin Tanki

Ana gab da kiran magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗakin Inna Sabuwa. Tana tsakar gida tana kwashe tuwo, 'yarta Mukarrama na jera kwanuka a gefenta, kaji sun fara hawa katanga. Inna ta ɗaga kai ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, sai kajin suka yi tsit gaba ɗaya.

Uwaisu, ɗanta na fari, yana ƙofar gida a kwance ƙarƙashin motarsa a-kori-kura, yana ɗaure notin tiyo. Ya fito da sifana a hannu ya zagaya gidan. Bayan katanga babu kowa sai gonar rake da ta yi duhu. Ya ja tsaki ya koma ƙarƙashin mota, don shi abin da ke gabansa ya fi jifa.

Shekaru ya yi a Fatakwal yana tuƙa wa wani mota, bai dawo Makarfi ba sai da mahaifinsu ya rasu. Tun da ya dawo garin ya yi masa kaɗan. Ya zauna ya tashi, ya je bakin kasuwa ya dawo, hira ba ta yi masa daɗi. Da ya samu dillalin da zai riƙa ba shi lodin tumatir daga Kudan zuwa Lakwaja, sai ya ji kamar an kwance masa dabaibayi. Matsala ɗaya ce. Tumatir ba ya jiran layin mai, kwana ɗaya a gidan mai ya isa ya mayar da lodi ruwa. Saboda haka ya yanke shawarar ƙara wa motar tanki na biyu, ya cika su duka a gida, ya tafi bai tsaya wa kowa ba.

Bai sha wahalar neman tanki ba. A bayan rumbu, gindin wata tsohuwar kanya, akwai tankin tsohuwar babbar mota roka ta mahaifinsu, ya yi shekaru a yashe har ciyawa ta rufe rabinsa. Ranar da ya jawo shi Inna ta ce, "Kai ɗan nan, ka dai yi bisimilla kafin ka ɗaga. Babanku bai taɓa matsar da shi ba." Ba ta kiran sunansa, kunyar ɗan fari.

"Inna, ƙarfe ne fa," in ji shi, yana jan abinsa.

Ilisha mai walda ya wanke tankin, ya duba shi ciki da waje, ya ce lafiyarsa ƙalau in ban da wata 'yar huda a ƙasan gefe, wadda tsatsa ta ci, ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Ya ɗora mata ƙarfe ya liƙe. Suka ɗaure tankin a bayan kan mota, suka ja tiyo zuwa babban tanki, suka sa famfo a tsakani. Uwaisu ya cika shi da fetur a ranar. A ranar kuma aka fara jifa.

Washegari da magariba jifan ya dawo, ya zo da ƙari. Mukarrama tana alwala sai ta saki buta, ta miƙe tsaye tana kallon bango.

"Ku buɗe ƙofa," ta ce. Muryar ba tata ba ce, ta wata babbar mace ce da ta gaji da kuka.

Inna ta riƙe ta tana salati. Aka buɗe ƙofar ɗaki. Mukarrama ta sake cewa a buɗe ƙofa. Aka buɗe ta zaure, aka buɗe ta kicin, har ta akurkin kaji Uwaisu ya fizge don haushi. Yarinyar ba ta ko dubi ɗaya daga ciki ba. Maganar dai ɗaya ce, har aka yi isha'i ta sulale ƙasa ta yi barci.

Haka aka riƙa yi. Da rana lafiya lau, sai dai ba ta cin abinci, ta ce komai warin fetur yake mata. Inna ta sunsuni bakinta, ta ja da baya, don warin daga numfashinta yake fitowa. Aka kai ta asibiti aka yi gwaji, ba a ga komai ba. Rana na faɗuwa jifa ya fara, a bi ƙofofi ana buɗewa. Gidan ya koma kwana a wangale, sauro na shiga yadda ya ga dama.

Uwaisu kuwa takaici kamar ya kashe shi. Dillalin Kudan na ta kiran waya, lodin farko ya wuce shi, an ba wani. Ga mota, ga mai cike da tanki biyu, ga hanya, amma ba dama ya bar Inna da marar lafiya. Wani yammaci ya jingina da motar yana kallon titi, sai ya ji ana ƙwanƙwasa a cikin sabon tankin, a hankali, kamar da ɗan ƙaramin hannu. Ya ce wa kansa ƙarfe ne ke hucewa. Motar kuwa ko tayar da ita bai yi ba ranar.

Da dillalin ya ce saura lodi ɗaya, in bai zo da asubar Juma'a ba shi ke nan, Uwaisu ya hau babur ya tafi Dandamisa ya ɗauko Malam Safiyanu, wani dattijo marar yawan magana da aka sani da ruƙiyya.

Malam ya yi sallar magariba a zaure, ya shigo ya zauna kan buzu nesa kaɗan da yarinyar. Jifa ya fara. Bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da karatu da murya ƙasa-ƙasa, har duwatsun suka yi ta raguwa suka ɗauke. Mukarrama ta juyo da fuskarta gare shi.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciyarsu ce. Na riga su zama a nan."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. An rufe min nawa, na riƙe nasu. Ku buɗe ƙofa."

Uwaisu ya kasa haƙuri. "Wace ƙofa kuma? Akwai wadda ta rage a gidan nan? Sai dai mu cire kwanon rufi!"

Idanun Mukarrama suka dawo kansa.

"Kai ne. Kai da ba ka iya zama a gidanku ba, ka ɗauke mana namu. Na fita ɗebo ruwa, na dawo babu gida. Na bi sawu na tarar an sa wuta an liƙe ƙofa, autana yana ciki. Kuka kuma zuba masa wannan ruwa mai wari."

Uwaisu ya tuna 'yar hudar nan, da tartsatsin waldar Ilisha, da ƙwanƙwasar da ya ji.

"To ai da murfi a sama," ya ce. "Kullum sai na buɗe shi. Me ya hana shi fita?"

"Mu ɓarayi ne da za mu fita ta rufin ɗaki? Ta inda aka shiga ake fita."

Malam ya tambaye ta abin da take so. Ta ce a buɗe ƙofa, a mayar da gida gindin kanya, a kuma bar mata motar gaba ɗaya ladan wahalar ɗanta.

"Wannan kuma zalunci ne," in ji Malam. "Motar nan da ita ake ciyar da gidan nan. Tanki naku ne, za a mayar. Ke kuma ki rantse da wanda ya halicce mu da ku, kin fita ke nan, babu dawowa."

"In na ga ɗana na rantse."

Uwaisu ya matso ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, a roƙe ta ta yi min haƙuri zuwa Lahadi. Tafiya ɗaya ce, in je in dawo, wallahi da hannuna zan..."

Bai ƙarasa ba Mukarrama ta fara tari, tari mai tsanani irin na wanda ya shaƙe a ruwa, warin fetur ya cika tsakar gida. Inna ta ɗago ta dube shi.

"Uwaisu," ta ce.

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya tashi ya fita.

Ya tsiyaye man a jarkoki, ya kwance notuna, ya sauke tankin ƙasa, ya cika shi da ruwa don kada tartsatsi ya tayar da wuta. Ya ɗauko babbar ƙusa da guduma, ya laluba har ya ji tudun waldar. Wannan karon ya yi bisimilla. Ilisha ya iya aiki, sai da Uwaisu ya yi ta duka gumi na zuba kafin ƙarfen ya huje. Ruwa ya tsarto, sannan wata iska mai ɗumi ta wuce ta kan hannunsa, ta bi gindin katanga tana kaɗa ciyawa zuwa bayan rumbu.

A cikin gida aka ji muryar ta yi rantsuwa, ta yi sallama. Mukarrama ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nake ji. Wa ya bar ƙofofi a buɗe haka?"

Da safe Uwaisu ya ja tankin ya mayar gindin kanya, ya kwantar da shi a kan tsohon gurbinsa, hudar na duban gabas kamar da. Lodin Kudan ya tafi a motar wani. Shi kuma ya koma ɗaukar rake zuwa Ikara da tankinsa ɗaya, ya je da hantsi ya dawo kafin magariba, yana mita a kan hanya, yana mita a layin mai. In ya shigo gida ya wuce ta bayan rumbu, ko ba kowa a wurin, sai ya rage murya ya ce, "Salamu alaikum."