Ɗinkin Ƙarshe ta Hanci

A jirginmu mai zuwa Halifax daga Liverpool, in mutum ya mutu a tsakiyar teku, ni ke ɗinke shi cikin tamfol. Allurar ƙarshe ta hanci ake soka ta, don in da sauran rai ya motsa. Haka na yi wa wani fasinja da safe, muka sake shi cikin ruwa.

Da duhu ya yi ina naɗe igiya, sai na ga mutum zaune a kujerar manyan fasinjoji, ya ba ni baya. Ba a yi ruwa ba, amma ƙarƙashinsa sharkaf.

Na ce, "Kai, tashi! Nan ba wurin irinka ba ne."

"Kai ne Gethin mai ɗinki?" Muryarsa a toshe, kamar mai mura.

"Ni ne. Sai aka yi yaya?"

"Na motsa fa, ɗan banza. Kai kana can kana surutu."

Ya juyo a hankali. Zare na reto a hancinsa, da irin ƙullin da duk jirgin nan ni kaɗai ke yi.