Kalangun da Tanimu Ya Goge

Ku yaran yanzu ba ku da kunne, sai gaggawa! Ku zauna ku ji.

An yi wani saurayi, Tanimu, mai haɗa waƙa da kwamfuta a ɗakinsa. Shiryayyen kiɗa yake saukewa ya ɗora murya a kai. Wata rana kakansa, tsohon makaɗi, ya buga masa kalangu, ya naɗa.

Da ya zo haɗawa, kiɗan biyu suka ƙi zama tare. Na inji ba ya sauri, ba ya jinkiri. Hannun tsoho kuwa yakan ɗan dakata.

"Kaka, hannunka yana makara," in ji Tanimu.

"Kai ja'iri, ba makara ba ce. Nan ne mai rawa yake numfasawa."

Tanimu ya yi dariya ya goge kalangun. Ya ce ai tsoho yana nan, zai sake bugawa.

Waƙa ta fita. Sai ya ji kiɗan nan a waƙar wani, ya sake jin sa a ta wani. Ya ce ai tsoho yana nan.

Kafin damina ta wuce tsoho ya rasu. Tanimu ya bincike kwamfutar kaf, bai sami ko bugu ɗaya na kakansa ba.