Fenti Biyu a Bangon Kaka Buwai

Abdulkabir mutum ne da ko hula zai saya sai ya ɓata wa mai shago yini. To da ya tashi yi wa ɗakin marigayiya kakarsa Buwai fenti, sai ya dawo daga Bici da gwangwani biyu, ɗaya ruwan madara, ɗaya ruwan kunun gyaɗa. Matarsa Aina'u ta leƙa ta ce ita dai kala ɗaya take gani, ya ce ita me ta sani.

A ɗakin akwai wata kusurwa da tsohuwar ba ta taɓa bari an yaɓe ba. A nan take zuba wa aljanun gidan fura duk shekara, tun zamanin da gidan bai san salla ba. Nan kuwa hasken yamma ke sauka, don haka nan ya gwada. Ya shafa wannan, ya shafa wancan a gefensa, ya ja baya yana karkata kai, har rana ta faɗi bai zaɓa ba.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo baya. Awaki suka yi tsit, sai ga kukan jariri daga ɗakin da babu kowa. Tahira, 'yarsu tilo, tana tsugune tana hura wuta, ta miƙe ta tafi kusurwar nan ta kifa goshi a bango. Daga ranar, duk almuru haka ake kwashewa, ita kuwa ba ci ba magana.

Aka ɗauko Malam Nababa daga Watari. Bayan magariba ya zauna ya fara karatu a kanta, a hankali, har wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar.

"Ɗana yana cikin bangon nan yana kallon waje. Mutumin nan ya yi shafa biyu, kowace a ido ɗaya. Ɗana ya makance. Ran 'yarsa nake so."

"Ba za ki samu ba," in ji Malam. Ya ci gaba da karatu, tana ihu tana birgima.

"To idanunta biyu."

Malam ya ƙara ƙaimi har muryarsa ta dishe, numfashin Tahira na yin sama.

"Ɗaya. Ƙasa da haka sai dai mu ƙone tare da ita. Uban ya zaɓa, dama ko hagu, kafin a gama kiran isha'i. In bai zaɓa ba, na ɗauki abin da nake so."

Malam ya dubi ƙirjin yarinyar, ya sunkuyar da kai. Can ladan ya ɗaga murya.

Abdulkabir ya haska fuskar 'yarsa da fitila, tausayi da tsoro suka kama shi. "Hagu," ya fara, "a'a, tsaya..."

"Ka faɗi ɗaya!" Aina'u ta ƙwala ihu. "Kowanne, don Allah!"

Wallahi ba ƙeta ba ce, haka aka halicce shi. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ladan ya yi shiru.

Tahira ta yi atishawa, jikinta ya saki. Ta tashi zaune tana laluben zanin uwarta.

"Baba, me ya sa kuke zaune a duhu? A kunna fitila mana."

Fitilar tana hannunsa, a kunne, dab da fuskarta.